Binciken Asalin Ɗan Ayalan

A shekarar 2018 Yayana ya ɗora mini aikin da har yau ban san ko na yi shi daidai ba. 'Yarsa ta fari tana aikin jinya a wani asibiti a nan Dubai, ni kuma ina sayar da magani a wani kemis a unguwar Karama, don haka ni ne ubanta a ƙasar nan. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta zo gidana, ta ci tuwo, ta wanke kwanuka ba wanda ya sa ta, sannan ta durƙusa ta ce akwai wanda yake son ya zo ya gaishe ni.

Na ce, "Ɗan ina ne?"

Ta ce, "Baffa, malamin makaranta ne. Ya musulunta tun kafin mu haɗu."

"Ya musulunta? Ke, ɗan ina ne na ce!"

Ta sunkuyar da kai ta ce Bature ne, ɗan Ayalan. Wallahi sai da na ɗauko waya na duba taswira kafin na ga wurin, wani tsibiri ne a gefen Ingila.

Da na kira Yaya a Zariya, ya yi faɗan da zai yi, ya gaji. Daga ƙarshe ya ce, "Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Kai kake can. Ka binciko mini asalinsa, abin da ka gaya mini da shi zan yi aiki." Shi ke nan fa, auren yarinya ya rataya a bakina.

To, a gida kowa ya san yadda ake binciken nan. A tura mutum unguwar su yaro, ya zauna wurin mai shayi, ya gaisa da liman, mata kuma su bi ta cikin gidaje su jiyo yadda maza a gidan suke riƙe matansu, ko akwai sata, ko shaye-shaye, ko taɓin hankali. Yaron kansa ba a tambayarsa, bai ma san ana yi ba. Ni kuwa a wace unguwa zan zauna? Na je masallacin da Baturen yake salla, limamin ɗan Pakistan ne, ya ce ba ya rasa jam'i. Na je benen da yake haya, mai gadi ya ce yana gaisuwa, ba ya kawo mata. Wannan duk halinsa ne, ba asalinsa ba. Da kaina ya ɗaure, sai na yi abin da ba a yi, na aika masa ya zo in tambaye shi da bakina.

Ya zo, dogo, ja kamar ɗanyen nama saboda ranar Dubai, ya cire takalmi tun daga waje, ya ce mini "Baffa" da wata irin murya da ta sa matata ta gudu kicin tana dariya. Na fara da cewa ku mutanen Ingila, ya tare ni da sauri, cikin ladabi amma fuskarsa ta ƙara ja, ya ce shi ba ɗan Ingila ba ne. Na ce to, Allah ya ba da haƙuri. Na bayyana masa da Turanci cewa mu ba ma ba da 'ya sai mun san gidan da mutum ya fito, iyayensa da kakanninsa. Na zaci zai ji haushi. Ina! Sai fuskarsa ta washe, ya ce in ba shi 'yan makonni.

Ashe aiki na jawo wa kaina. Juma'ar da ya dawo, da jaka ya zo cike da takardu, ya shimfiɗa su a teburin cin abincina. Ya ce a ƙasarsu fada, wato limamin coci, shi ke rubuta duk jaririn da aka yi wa baftisma da duk auren da aka ɗaura, kuma an ɗauki hoton tsofaffin littattafan an sa a intanet. Ya buga su a takarda ya kawo mini, in ga asalinsa da idona.

Na sa tabarau na duba. Ni da nake karanta rubutun likitoci kullum, wannan ya fi ƙarfina. Tawada ta dushe, wani wurin ruwa ya ci, kuma ba ma da Turanci aka rubuta ba, da Latinanci ne, har sunayen mutanen an juya su. Ya nuna mini auren kakansa, na ce madalla. Ya nuna mini na kakan kakan, na ce ai wannan shi ne wanda muka gani yanzu. Ya ce a'a, suna ne ɗaya, don su ma ɗan fari sunan kakansa ake sa masa. Na ce mu ma haka muke yi, amma mu muna da hankali, sai mu kira yaron Abba ko Baba don a bambanta. Su kuwa haka suka bar abin, kaka da jika da ɗan baffa duk suna guda, a ƙauye guda, fada guda yana rubuta su.

A kan kakan kakan nan ne kuma abin ya rikice gaba ɗaya. Mutum biyu ne masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, sun yi aure a coci ɗaya kusan lokaci guda, kuma matansu ma sunansu na fari ɗaya ne. Ɗaya manomi, ɗaya mai gyaran takalmi. Shafin da zai raba gardama kuma babu shi, ya yage ko ya ƙone, shi ma bai sani ba.

Ban san lokacin da abin ya shiga raina ba. Ni dai na tsinci kaina ina goyon bayan manomin, shi yana cewa mai takalmi ne, muna ɗaga murya a kan mutanen da suka zama ƙasa tun kafin Turawa su zo Zariya. Muna bin sunayen shaidun aure, muna cewa wannan ai ƙanwar amarya ce, ga ta nan ta sake fitowa a wurin baftisma. Matata ta kawo shayi ta tsaya a kanmu ta ce, "Ikon Allah! Malam an koma karatun littafin coci. Sai yaushe za a yi sauka?" Na ce ta ba ni wuri. Amma da na tashi yin alwalar la'asar sai da na yi istigfari, don ni kaina ban san hukuncin abin da nake yi ba.

Ita kuwa yarinyar tana gefe a kan kujera, mako bayan mako, ta rame. Wata rana ta bi ni har bakin lif ta ce, "Baffa, Abba ya ce in har azumi ya kama bai ji daga gare ka ba, a bar maganar." Na ce ta kwantar da hankalinta, saura kaɗan mu gano ko manomin ne. Ta yi mini wani kallo.

Ranar Asabar na kira Yaya ina ji da kaina. Na ce na bi asalin yaro har kakan kakansa, dukansu da aure aka haife su, ga shaida a rubuce, sai dai mutum guda da muke shakka ko manomi ne ko mai gyaran takalmi.

Yaya ya ce, "Kai, lafiyarka kuwa? Matattu na aike ka ka ƙirgo mini? Wa zai zo zaurena ya nema masa aure? In ya wulaƙanta mini 'ya gobe, ƙofar wa zan je in buga? Ta mai takalmin?"

Duk zaman nan da muka yi, ban taɓa tambayar yaron nan wa yake da shi a raye ba.

Washegari da na tashi aiki na same shi a wurin masu karak, wato shayin madara, da ke bayan makarantarsu, na tambaye shi. Ya juya kofin takarda a hannunsa ya ce babansa ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa ta rasu shekara guda kafin ya zo Dubai, kuma shi kaɗai suka haifa. Akwai ƙanwar mahaifiyarsa a Ostareliya, amma tun da ya musulunta ta daina amsa saƙonsa. Ya ce, "Shi ya sa nake jin daɗin takardun nan, Baffa. Ban taɓa ganin dangina da yawa haka a wuri ɗaya ba."

Tausayinsa ya kama ni, haushin kaina kuma ya fi tausayin yawa.

Na gaya wa Yaya gaskiya, ban rage komai ba. Ya ce, "To ka gani. Ba ƙinsa nake yi ba. Amma mutumin da ba shi da wanda zai tsawata masa, ba zan ba shi 'ya ya tafi da ita bayan duniya ba."

Ni dama ba ni da haƙuri. Na ce, "In ƙofa kake nema, ka buga tawa! Ni ne ubansa. In ya yi ba daidai ba ni zan ci mutuncinsa kafin ka iso."

Yaya ya ce, "Ka san abin da kake faɗa? Kai ne waliyyinta, tun ranar sunanta na ba ka. Ba za ka bayar da hannun dama ka karɓa da na hagu ba. Sai ka zaɓa."

Wannan ban yi tunaninsa ba. Yarinyar nan ni na yi mata huɗuba, ni na kai ta makaranta ranar farko, kuma ni ba ni da 'ya mace. Na so in ce ya ba ni lokaci, amma na san Yaya, in na ja da baya maganar ta mutu. Na ce ya ba ƙaninmu waliccin.

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure a ƙofar gidanmu a Zariya. An shimfiɗa tabarmi, 'yan'uwana da abokan wasana da duk wanda na tashi da shi suna ɓangare guda. A ɗaya ɓangaren ni ne da Bature cikin babbar riga yana zufa. Liman ya ce ina wakilin ango, na ɗaga hannu. Na dubi ƙanina, wanda na goya a bayana, na ce muna nema wa ɗanmu auren 'yarku. Ya ce sun ba mu, aka shafa fatiha.

Da taro ya watse na nufi cikin gida in sha ruwa kamar yadda na saba. Matar Yaya ta tare ni a bakin zaure tana dariya ta ce, "A'a, ina zuwa? Dangin ango a waje ake kai musu abinci." Wasa take yi, na sani, ni ma na yi dariya. Amma na juya na koma waje na zauna kusa da angon a kan tabarma. Aka kawo mana tire guda, shi yana ci da hannu yana zubarwa, yana ce mini, "Ci, Baffa, ci." Na kai loma ɗaya baki, ina kallon ƙofar zauren.