Malama Kuwabara, Wadda Ta Tsaya Wa Aikin Mahaifina

Ranar Laraba, tara ga watan Oktoba, ina bakin tanderu ɗanki Naoki ya kira ni, ya ce kin cika da hantsi a wani asibiti a Osaka. Na kashe wuta, na sallami ma'aikata.

Malama Kuwabara Toshie, lauyar masu ƙirƙira, na san ki ne lokacin da masana'antarmu ke gab da rufewa. Mahaifina ya gano yadda ake gasa gamin alminiyam da tagulla sau biyu, a bar shi ya huce a tsakani, ya yi ƙarfi ba tare da ya tsage ba. Ya yi wa dabarar rajistar mallaka kafin rasuwarsa, don kada wani ya yi amfani da ita ba da izininmu ba. Sai wani babban kamfani ya nemi a soke ta, wai abu ne a bayyane, duk wanda ya san aikin ƙarfe zai yi wannan tunanin. Hukumar rajista ta yarda da su. Asarar ba ta yi mini ciwo kamar jin an ce kowa ma zai iya abin da ya cinye rayuwar tsohona ba.

Kika zo cikin zafin Agusta, kika tarar ina ta cika ina batsewa. Kika ce, "Oyama, bar kumburin nan, ba ya cin shari'a. Ina tsohon ya zubar da ƙarafan da suka lalace?" Na kai ki bayan gini, kika durƙusa da kayanki masu kyau kina tsintar fasassun ƙarafa.

Su kika ɗauka zuwa kotu a Tokyo a matsayin shaidar gwaje-gwajen da ya sha yi kafin ya dace, tare da rubutun masana na wancan lokacin da ke cewa gashi na biyu ɓata ƙarfe yake yi. Kika tambayi alƙalai, "Hanyar da kowa ya ce kada a bi, ta yaya ta zama a bayyane?" Aka maido mana rajistar, ko da yake an rage mata faɗi.

Daga tashar jirgi gidanmu kika wuce, kika kunna turare gaban hoton mahaifina, kika sunkuya kika ce, "Baba, an yarda kai ka gano."

Da na je duba ki a asibiti, muryarki ta yi ƙasa. Kika ce wa'adin rajistar ya kusa cika, kowa zai iya amfani da dabarar. "Kada ka ji haushi. Dama haka ake so. Sunansa dai yana kai."

Allah Ya ji ƙanki, Malama, Ya sa kin huta. Naoki, kai da ƙanwarka Chizuru, Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Iyalai da yawa a unguwarmu suna cin abinci yau saboda mahaifiyarku.