Na'ura Ta Goyi Bayan Mama

Ihun murnar da na yi ɗazu da hantsi sai da Mama ta baro kicin da ludayi a hannu.

Aikina na farko ne a kamfanin manhajar da ya ɗauke ni gwaji, daga ɗakina a Unguwar Mu'azu. Na'urar da ke duba aikinmu ta yi ta dawo min da shi, wai na cusa layin import, wato kiran kayan aiki, a tsakiyar fayil. Dokarsu a jera su duka can sama. Ina gyarawa ta karɓa, oga ya turo "madalla".

Na yi wa Mama bayani. Ta ce, "Wato a haɗa kayan miya kafin a ɗora tukunya?"

Na ce, "Haka ne, Mama."

Ta ce, "Tun kina firamare nake faɗa, har yau sai mai ya yi zafi kike neman albasa. Kwamfuta ta faɗa, kin ji. Allah Ya yi mata albarka!"

Na yi dariya har da hawaye.

Ku fa, wace maganar iyayenku ce sai da wani ya maimaita kuka ji?