Sandunan Yayana Bahago

Yayana bahago ne. Tun muna yara a Filinge Inna ta yi fama da shi har ta gaji. Ta samu ya koma cin tuwo da dama, amma jifa da duka sai da hagu. Da wata shekarar fari ta kora shi Yamai yana saurayi, sai ya faɗa wani fili a bayan gari inda nasaru da manyan ma'aikata ke buga golf, wasan jefa ƙaramin farin ƙwallo rami da sanda mai kan ƙarfe. Aikinsa shi ne ɗaukar musu jakar sanduna cikin rana. In masu wasa sun shiga inuwa shan ruwa, sai ya ari sanda ya juya ta baibai ya buga. Wani tsohon likita, shi ma bahago, ya gan shi, ya miƙa masa tasa. Da likitan zai koma ƙasarsu ya bar masa rabin jakarsa. Sauran kuwa Yaya ya tattara su ɗai-ɗai cikin shekaru, don sandar bahago ba a samunta a ƙasarmu sai da sa'a.

Da sandunan nan ya ci abinci. Ya koyar da mutane, ya je gasa Wagadugu da Kwatano da Kaduna. Inna ba ta taɓa gane sana'ar ba. Takan ce, "Ƙato da gemu shina bin ƙwan zabo cikin rana, wai kuma aiki ne." Amma kwanon da ke kan ɗakinta daga nan ya fito, haka ma karatuna har na zama malamar lakwal, wato makarantar boko.

Shekarar da ciwo ya kwantar da Inna, bayan an gama girbin hatsi, ta ce in kira mata shi. Na san an gayyace shi wata babbar gasa a Najeriya, irin wadda ya daɗe yana jira, kuma lokacin ya matso. Na faɗa mata. Ta ce, "Ki kira shi dai. In gane shi da idona." Yaya bai yi musu ba. Ya ce zai taho da jakarsa, ya riƙa motsa hannu cikin rairayin bayan gari, kada ya yi sanyi.

Na je tasha tarbarsa da la'asar. Motar ta iso dam da kaya, aka kwance igiya, aka sauke buhuna da katifu da wata akuya. Yaya yana tsaye yana kallon saman motar har ya zama ba kome sai tanti. Ya hau da kansa ya ɗaga tantin.

"Ina doguwar jaka baƙa?" ya tambayi direba.

Direban ya ce sun tsaya Bankuku, ranar kasuwa ce, an sauke kaya da yawa, mutane sun yi cincirindo. Ya rantse bai ga wanda ya ɗauke ta ba, kuma na yarda da shi, don hawaye ne a idonsa. Yaya ya sauko ya zauna a kan wata taya da ke yashe. Na ce, "Yaya, mu tai gida, Inna na jira." Sai ya ɗago ya dube ni kamar bai san ni ba.

A gida ya durƙusa gaban Inna ya gaishe ta, ya yi mata dariya, ya ɓoye mata ɓatan jakar. Ni ma ya hana ni faɗa. Washegari muka je wurin jandarma. Wanda muka tarar ya saurare mu da kirki, ya tambaya ko sandunan kiwo ne. Yaya ya nuna masa hoto a waya. Mutumin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce za su sa ido, amma mu ma mun san yadda hanyoyin ƙauye suka zama.

Daga nan Yaya ya shiga bin kasuwanni. An hana hawan babur a yankinmu saboda 'yan bindiga, sai ya jira motar 'yan kasuwa, wani zubin amalanke. Ya koma Bankuku, ya shiga ƙauyukan Kurfai, yana nuna hoton ga dillalai da masu gwangwan. Wasu su yi dariya, wasu su ce Allah ya bayyana. Ya rame, leɓensa ya tsage. Inna ta lura ɗanta na fita da asuba ya dawo da ƙura har gira, ta matsa mini, na faɗa mata. Ta juya fuska bango ta ce, "Ni na kira shi."

Ranar kasuwar garin Damana na bi shi, don ban yarda ya tafi shi kaɗai ba. Muna cikin tafiya wajen masu dabbobi sai ya kama hannuna ya matse. Wani mai amalanke ne ke korar jakinsa da siririn ƙarfe mai walƙiya. Kan sandar babu, an guntule shi, amma mariƙin robar na nan, da jan zaren da Yaya ya naɗa da hannunsa inda ta tsage. Mutumin ya ce a wurin maƙeri ya saya, ya nuna mana rumfar.

Maƙerin dattijo ne, bai ɓoye kome ba. Ya ce wani baƙo ya kawo masa su a matsayin tsohon ƙarfe, bai san shi ba. Dogayen ya yanke ya sayar wa masu amalanke da masu tuyar ƙosai. Kawunan kuwa ya sa su wuta don ya fitar da ruwan gatari, suka ƙi. Ya jawo wani kwano daga ƙarƙashin buzu. Suna ciki, sun yi baƙi, wasu sun lanƙwashe, wasu sun dare.

"Ƙarhen banza ne, ɗana," in ji shi. "Bai jin wuta, bai jin guduma. Mi ake yi da shi?"

Yaya ya tsuguna ya ɗauki ɗaya, ya goge da bakin rigarsa, ya duba, ya mayar. Na zaci zai yi faɗa ko kuka. Sai ya ce, "Ba kome, Baba. Allah shi ba da kasuwa." Ya miƙe, muka nufi motar Filinge.

Gasar ta wuce ba shi. Inna ta rasu cikin sanyin shekarar, kuma har ranar ƙarshe tana roƙonsa gafara, shi kuma yana ce mata ba ta yi masa kome ba. Bayan sadakar arba'in ya koma Yamai. Ya tarar yawancin baƙin da yake koyarwa sun bar ƙasar, filin ya zama kamar kufai. Wani abokinsa ya ara masa sandunan dama. Ya ce mini ya yi ta gwadawa har tafinsa ya yi kanta, ƙwallon na tafiya inda ta ga dama, yaran da ya koya wa riƙon sanda suna kau da kai don kunya. Ya rubuta wa mutanen da ya sani a waje. Wasu sun yi alkawari, daga baya suka daina amsawa.

Damina na faɗuwa ya dawo gida da matarsa da 'ya'yansa, ya karɓi gonar mahaifinmu. Bai iya noma ba, kuma ƙasar ta gaji. Da rani yana ban ruwa a garkar wani ɗan kasuwa. Ya fara furfura, bayansa ya ɗan duƙa, in an yi taro can baya yake zama.

Kwanakin baya na ce masa na ji ana iya sayo irin sandunan nan nasa daga waje ta waya, in ya yarda mu haɗa ƙarfi. Yana wanke ƙafa bakin randa, bai ko ɗago ba.

"Ƙanwata, bar shi," ya ce. "Ko sun zo, hannun ya tai."

Ya zubar da sauran ruwan, ya tambaye ni ko akwai saura fura.