Sanfefa lamba arba'in da teburin Baba

"Lamba nawa za a ba ka?" in ji mai shagon kayan kafinta a kasuwar Wunti.

Ashe sanfefar goge katako ma lamba gare ta? Teburin falon marigayi Babanmu nake son in ɗan goge, in shafa masa man sheƙi. A raina na ce ƙaramar lamba ai ita ce mai laushi. Na karɓo arba'in.

Jama'a, ashe ita ce mafi kaushi! Ina gurzawa gari na zuba, ni kuwa ina murna aiki na ci.

Sai ga Hajiyarmu. Ta shafa gefen teburin, ta sake shafawa.

"Auwalu, ina shatin kofin Malam?"

"Wane shati, Hajiya?"

"Inda yake ajiye shayinsa kullum. Tun rasuwarsa in ina goge teburin nan, kewaye wurin nake yi."

Na duba wurin, ashe na gurje shatin tas. Yanzu haka ta ɗauko kofin, tana ta gwada inda yake zama.

Har yanzu ban gane lissafin lambobin nan ba. Kafintoci, don Allah, akwai lambar da ke dawo da abin da aka goge?