Jirgin Akawu

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama aminin maigidana ya dawo hutu daga Ikko da hoton wani jirgin ruwa a aljihu. Akawu ne a tashar jiragen ruwa, shi ya sa duk unguwarmu ta cikin birni Akawu ake ce masa. Wai wani Bature da zai koma gida ne ya bar masa jirgin. Na ga hoton da idona. Wallahi tsawonsa bai fi tabarma uku ba, babu inji, sai dogon itace a tsakiya da ƙyalle wanda iska ke turawa. A cikin wannan abin yake so ya bi gefen teku daga Ikko har Kalaba, kuma maigidana yake so ya raka shi.

Maigidana maɗinkin hannu ne. Aska takwas ɗin da yake zanawa a babbar riga har daga Kano ake zuwa nema. Dalilin Akawu shi ne, in ƙyallen ya yage a hanya ga mai ɗinkewa. Ka ji hankali! Mutumin da ko rafin Kubanni bai taɓa tsallakewa da damina ba.

Aka yi kwana uku ana shawara a zaurenmu, ni kuwa ina jinsu ta bayan bango ina tankaɗe. Manyan masanan teku su ne mai gyaran keke da wani dillalin fata, waɗanda iyakar ruwan da suka sani shi ne na buta. Mai keke ya ce ƙaramin jirgi ya fi babba aminci, don ba shi da nauyin da zai nutse. Dillali ya ce ai gefe-gefe za a bi, in abu ya ɓaci sai a sauka a taka. Mutum ɗaya ne a cikinsu ya taɓa hawa teku, wani tsohon Alhaji da ya je Makka ta ƙasa ya ƙetare Bahar Maliya. Ya ce, "Yara, ruwan nan tashi yake tsaye kamar katanga." Suka ce tsufa ne ya sa masa tsoro.

Don a kashe gardama sai suka yi gwaji. Mai keke ya ƙera ɗan jirgi da gwangwanin man gyaɗa, maigidana ya ɗinka masa ƙyalle da ragowar shadda, har da ɗan ado a baki. Bayan la'asar suka kai shi kududdufin bayan gidanmu, inda ake haƙar ƙasar gini. Na hau turmi na leƙa ta katanga. Gardawa masu gemu sun tattare riguna suna kaɗa ruwa da faifai, wai taguwar teku ke nan. Gwangwani ya bi tsakanin agwagi ya isa ɗaya gefen. Suka yi ta tafawa, dillali yana cewa, "Magana ta ƙare!"

Da maigidana ya shigo na ce, "Malam, ka iya iyo?"

Ya ce, "Jirgi za mu shiga, ba ruwa ba."

Na ce, "To jirgin a kan me zai zauna, a kan tabarma?"

Ya ce harkar maza ce. Na yi kuka, na yi fushi, na je na gaya wa mahaifiyarsa, ita ma ta yi nata. Amma zaure ya riga ya yanke hukunci, kuma kunyar zaure ta fi masa hawayenmu nauyi. Tsoro nake ji ƙwarai kada a kawo mini labari babu ko gawa. Masu ba da shawarar kuwa babu wanda ya ce zai bi su. Iyakarsu rakiya tashar jirgin ƙasa.

Bayan kwana goma sha biyu maigidana ya dawo. Ko rabin yini ba su yi a teku ba. Suna fita bakin tashar jiragen ruwa iska ta fizge ƙyallen, shi kuma ya naɗe igiyar ƙyallen a hannunsa ya riƙe gam, yadda yake naɗe zare. Jirgin ya kife, masunta suka tsamo su. Akawu bai ko ƙwarzane ba. Maigidana ya bar babban yatsa da manuni na dama a asibitin Ikko.

Masana suka zo jaje, suka ci goro. Na ji mai keke yana cewa jirgin ba shi da laifi, iskar ce ba a yi lissafinta ba. Tir! Da ina da ikon shiga zauren nan da na watsa musu ruwan wanke-wanke.

Da ciwon ya warke, wata safiya ya ɗauko rigar da ya bari rabi, ya ce, "Zura mini zare." Na zura na miƙa masa. Ya maƙale allurar tsakanin yatsun da suka rage, ya kai ta jikin shadda, ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Na duƙa zan ɗauko, ya ce, "Bar ta."