Tarihin Likitar Wuya, 'Yar Mai Gadin Masana'antar Ashana

Haihuwa

An haifi marigayiya a shekarar 1958, a unguwar ma'aikata da ke bayan masana'antar ashana. Mahaifinta mai gadin ƙofar masana'antar ne, mahaifiyarta kuwa tela, wadda maƙoƙo ya kumbura mata wuya har sarƙar aurenta ta daina zagaye shi, ta ajiye ta cikin gwangwanin maɓallai.

Karatu

Ta shiga firamare a 1965, ta kammala jami'a a 1981 a fannin sinadarai. Daga baya, saboda bincikenta kan maƙoƙo, 'yan unguwa suka laƙaba mata Likitar Wuya, alhali ko allura ba ta taɓa yi wa kowa ba.

Aure da aiki

A 1983 ta auri shugaban leburorin masana'antar, ta kuma kama aiki a ɗakin bincike, inda ta duƙufa kan tambaya guda: me ya sa mutanen da ke cin gishiri mai aidin, sinadarin da ke hana maƙoƙo, amma maƙoƙon bai ƙyale su ba? A 1991 ta tabbatar cewa wani sinadari da masana'antar ke zubarwa yana tsiyaya cikin rijiyoyi, in an sha, sai ya tsaya a ƙofar ƙwayoyin halittar maƙogwaro ya hana aidin shiga. Takan ce da matan unguwa, "Baƙo ya zo da alheri, mai gadi ya ce maigidan ba ya nan. Ni 'yar mai gadi ce, na san aikin."

Bayyana sakamakon na nufin tuɓe mijinta daga aiki. Ya ce mata, "Hajiya, da hannunki za ki kashe mana murhu?" Kashegari shi da kansa ya ɗebo mata ruwan magudanar masana'antar cikin kwalabe don ya zama hujja. A 1993 aka rufe sashen da ke zubar da sinadarin, mijin ya koma gyaran kekuna, wasu maƙwabta da suka rasa aikinsu suka yi shekaru ba sa amsa sallamarsu.

Ƙarshen rayuwa

Ta yi ritaya a 2016, a lokacin yaran unguwar sai a hoto suke ganin maƙoƙo. Allah ya yi mata rasuwa ranar Laraba, cikin watan Maris na 2022, aka yi jana'izarta bayan azahar, kuma waɗanda suka ƙaurace mata a da suna sahun gaba.

Ta bar mijinta da 'ya'ya huɗu: malamin makaranta, direba, auta mai gyaran waya, da mace ɗaya, ungozoma, wadda a yau sarƙar kakarta ke wuyanta, har da sauran wuri.