Malam Bitrus da na'urar da ya so a dasa mini a kunne

Da safen nan 'yata ta miƙo mini waya in karanta: Malam Bitrus ya rasu a Kafur. Har yanzu ban iya tashi daga kan kujera ba.

Tare muka koyar a wata sakandare a Malumfashi, shi kimiyya, ni Turanci. Farkon shekarun tamanin sanƙarau ya kwantar da ni. Na tashi, amma ji ya tafi. Aka cire ni daga aji aka mayar da ni sito. Mutum ya yi ta motsa baki a gabana, in gyaɗa kai, ya gaji ya wuce.

Bitrus bai gaji ba. Ya koyi fuskantata yana magana a hankali, har na iya karanta leɓɓansa.

Wata rana ya ja ni ɗakin gwaji. Ya ce a ƙasashen waje an fara dasa wa kurame na'urar ji a ƙarƙashin fatar kai, ba batir a ciki. Irinta yake so ya haɗa mini. Ya naɗa wayar tagulla gammo biyu, ya sa fatar akuya a tsakani a madadin fatar mutum. Na waje ya tura wuta da murya a haɗe, na ciki ya karɓa. Saura sakit, wato haɗin kayan lantarkin da zai tsame muryar daga cikin wutar.

Nan ya maƙale. In murya ta fito, wuta ta faɗi. In wuta ta tsaya, murya ta dagule. Ya kwance rediyonsa, ya yi ta zuwa Funtua neman transista, 'yan kayan cikin rediyo.

Na ce, "Ko ta yi, wa zai tsaga kaina ya saka?"

Ya ce, "Ayuba, bari ta yi tukuna."

Ran da ta yi, ya ɗora tafina a kan lasifika. Na ji tana rawa. Ya ce sunana yake kira.

Girmanta ya kai kwalin sukari. Daga teburin ɗakin gwajin ba ta je ko'ina ba. An ba shi gurbin karatu a ƙasar waje, sai babansa ya kwanta ciwo, gona ba mai dubawa. Ya koma Kafur.

Bara na je gaishe shi. Shanyewar jiki ta karkata masa baki. Yana ta magana, na kasa karanta ko kalma ɗaya. Ya gane. Ya riƙe hannuna bai saki ba, har matarsa, Mama Rahila, ta nuna mini cewa motar da zan koma za ta tashi.

Ubangiji ya ba ka hutu, ɗan'uwana, ya ta'azantar da Mama Rahila da yara. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a.